Ra'ayinmu: Arahar gwanjo tana da iyaka, musamman a kan kayan wuta

Ba a daɗewa ba a ga sanarwar gwanjo ba, ko dai a shafukan jaridar Le Sahel, ko a manne a ƙofar wata ma'aikata, ko kuma tana yawo a zaurukan WhatsApp. Yau hukumar duwan ce za ta sayar da kayan da ta kama, gobe wata ƙungiyar agaji ce da aikinta ya ƙare take kwashe ofis, jibi kuma jami'in shari'a, wato wisiye, shi ne zai karya kayan wanda bashi ya ci. A cikin jerin kayan da wuya a rasa firigo, na'urar sanyaya ɗaki da muke kira kilim, injin wanki, murhun gas da talabijin. Ranar gwanjon kuwa za a tarar da wurin cike da matasa: wannan yana haɗa ɗakin amarya, waccan ta kwashi adashi tana son fara sayar da ƙanƙara, wancan kuma ɗan uwansa da ke ci-rani ne ya aiko masa da kuɗi ya ce a sayo wa tsohuwa firigo kafin azumi.

Ba ma ganin laifin kowa a cikinsu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun daga farkon 2024, kuma akasarin matasan biranenmu ba su ma da albashin da ake lissafi da shi. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta tashar Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, kuma duk wani ƙarin kuɗin hanya a kan mai saye yake ƙarewa. A irin wannan hali, neman sauƙi hankali ne. Abin da muke son jawo hankali a kai shi ne, tattali ma yana da iyakarsa. Akwai inda idan aka wuce, wanda ya je neman sauƙi shi ne zai fi kowa kashe kuɗi, wani lokaci ma har ya jefa iyalinsa cikin haɗari. A kan kayan wuta na gwanjo ana saurin wuce wannan iyaka ba tare da an lura ba.

Abin da aka sa hannu a kai

Da farko ya kamata mai saye ya san irin cinikin da yake shiga. A kasuwar Katako ta Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko wurin masu tsofaffin kaya a Maraɗi da Tawa, idan ka sayi firigo ya ƙi yin sanyi, ka san rumfar da za ka koma. Akwai maƙwabtan rumfa, akwai shugaban 'yan kasuwa, akwai kuma kunyar ido. Gwanjo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sanarwar da kanta takan faɗa da Faransanci cewa ana sayar da kayan ne a yadda suke, a inda suke, ba tare da wani garanti ba. Mutane da yawa ba sa karanta wannan layin, alhali shi ne ya fi komai muhimmanci a takardar.

A gwanjon da ake yi bisa umarnin shari'a, dokar OHADA da Nijar take cikinta ta tanadi cewa wanda ya fi taya kaya shi ake sallama wa bayan an yi shela sau uku, kuma kuɗi hannu ake biya. Wanda ya taya ya kasa biya, za a sake karya kayan, kuma in an samu giɓi a wuyansa yake. Bayan farashin da aka sallama, akwai kason da ake ƙarawa na kuɗin gudanar da gwanjon. Idan kuma kayan sun shigo ƙasa ne ba tare da an biya musu duwan ba, kamar yadda ake yi wa ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji, sau da yawa mai saye ne zai je ya biya wannan haraji kafin ya fita da su. Sai kuɗin mota da na masu ɗauka. Ke nan lambar da aka ji an kira a filin gwanjo somin-taɓi ce.

A wurare da dama kuma ba a ba mutane damar jona kayan da wuta su gwada. Ana buɗe sito na 'yan awoyi, a leƙa, a shafa, a fita. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kuɗin da ake biya kowane wata

Tebur idan ka saye shi ka gama biya. Firigo kuwa kowane wata sai ya karɓi nasa a takardar NIGELEC, domin shi kaɗai ne a cikin gida yake aiki dare da rana. Tsohon firigo da robar ƙofarsa ta saki, kuma kumfar da ke cikin bangonsa ta sha danshi, injinsa ba ya hutawa. Lokacin da Gana ta bincika wannan batu kafin ta hana shigo da tsofaffin firigo a 2013, an ƙiyasta cewa irin waɗannan suna cin wajen kilowat 1,200 a shekara, alhali sabo mai tattalin wuta ba ya cin ko sulusin haka.

Mu yi lissafi na misali. A ce an sallama maka tsohon firigo a kan jika 60, sabonsa kuma mai irin girmansa jika 200 ne a kanti. Ka fita kana murna ka tsira da jika 140. Kason gwanjo da kuɗin ɗauka a ce sun ci jika 10, mai gyara ya ƙara gas ya canza wani ƙaramin abu a kan jika 25. Ribar ta koma jika 105. Yanzu a ɗauka kilowat ɗaya sefa 100 ne, don sauƙin lissafi. Tsohon zai ci wutar jika 120 a shekara, sabon da ke cin kilowat 350 kuma jika 35. Bambancin jika 85 ne duk shekara. Kafin wata 15 ribar ta ƙare, daga nan kuma asara ce zalla, ko da firigon bai sake lalacewa ba. Ga shi kuma farashin wuta hawa-hawa ne: gidan da cinsa ya haura wani mataki, kilowat ɗin da ya ƙaru a sama ya fi tsada.

A gidajen haya da mutane da yawa ke raba mita ɗaya, wannan lissafi ba ya tsayawa a aljihun mai firigon. Maƙwabta ne ke taya shi biya ba tare da sun sani ba, kuma rigimar kuɗin wuta a ƙarshen wata ta raba zumunci da yawa a biranenmu.

Kayan da ba don ƙasarmu aka ƙera su ba

Akwai wata 'yar takarda da ke manne a bayan kowane firigo ko a cikinsa, wadda karanta ta ba ya ɗaukar minti ɗaya. A jikinta ake rubuta irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Harafin N da SN na nufin an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST yana jure har 38, T kuma har 43. Duk wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a Yamai ko Tawa ya san cewa zafi kan haura 43 a waje, balle a cikin shagon kwano da rana tsaka. Tsofaffin firigon da aka yi don kicin ɗin Faransa ko Beljiyam da yawansu N ne ko SN. Suna iya zama lafiya lau a can, amma a nan sai su yi ta gurnani ba tsayawa har injin ya ƙone, kuma daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Haka abin yake ga kilim: mai alamar T3 shi ne aka yi don ƙasashe masu tsananin zafi.

Takardar tana kuma nuna ƙarfin wutar da na'urar ke buƙata. Wutar Nijar bolt 220 ce, mai bugun 50 a daƙiƙa. Kayan Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, masu bugun 60, kuma sukan fito a gwanjon baƙi da ke barin ƙasa. Wanda ya jona irin wannan kai tsaye ya ƙona shi nan take. Taransifoma tana rage ƙarfin wutar, amma ba ta canza bugunta, don haka injin zai riƙa aiki ne ba a kan ƙa'idarsa ba.

Sai batun gas ɗin sanyi, wanda ake rubuta sunansa a jikin kwamfaresa. Duk firigon Turai da aka ga R12 a jikinsa ya kai shekara 30 ko kusa da haka. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta haramta wannan gas saboda illarsa ga sararin samaniya, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa na daina shi ya cika tun 2010. Idan ya tsiyaye, wasu masu gyara sukan ɗura R134a a madadinsa, alhali man da ke cikin tsohon injin bai dace da shi ba. Firigon zai yi sanyi na ɗan lokaci, mai shi ya yi godiya, daga baya injin ya mutu. Gas ɗin R22 na tsofaffin kilim shi ma ana kan hanyar daina shi nan da 2030, wanda ke nufin samunsa zai riƙa ƙara wuya.

A kan duk wannan sai a ɗora halin da wutarmu take ciki. Mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, kuma ko a lokacin da babu rikici, bazara ba ta wucewa sai da ɗauke wuta da raguwar ƙarfinta. Sabon inji ma da ƙyar yake sha, ina ga wanda ya riga ya tsufa a hannun wani.

Inda abin ya wuce maganar kuɗi

Asarar jika 100 tana da ciwo, amma ana mayar da ita. Akwai kayan da kuskure a kansu ba ya gyaruwa, kuma murhun gas ne a kan gaba. Murhu da yawa da ke fitowa daga Turai an daidaita su ne da gas ɗin bututu na gari, wanda ƙofofin fitarsa suka fi faɗi. Mu kuwa gas ɗin kwalba muke amfani da shi, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke samarwa tun bayan buɗe ta a 2011. Idan aka haɗa kwalba da irin wannan murhu ba a canza 'yan ƙofofin ba, wutar kan tashi sama, ta yi ja-ja, ta baƙanta tukunya, tana kuma fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. A ɗaki ɗaya da ake girki kuma ake kwana, wannan kaɗai ya isa ya yi kisa. Tsohuwar kwalbar gas mai tsatsa ko wadda bakinta ya lanƙwashe, ko kyauta aka ba ka, ba abin kai wa gida ba ce.

Wayoyin da suka daɗe a sito su ma abin tsoro ne, domin ɓeraye da zafi suna cinye rigarsu. Gidajenmu da yawa ba su da wayar da ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle, don haka jikin firigo ko injin wanki na iya ɗaukar wuta, kuma yaro mara takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti shi ne zai fara taɓawa. Ko firigon zamani masu gas ɗin R600a, waɗanda ba su da matsala muddin bututunsu na rufe, gas ɗin nasu yana kama wuta. Bai kamata wanda bai san aikinsa ba ya kusance shi da wutar walda.

Akwai kuma asarar da ba a gani a ranar. Macen da ta zuba kuɗin adashinta a tsohon firigon ƙanƙara, ta ɗauki alkawarin masu lemu da zoɓo, idan injin ya tsaya a tsakiyar azumi ta rasa jari, ta rasa abokan ciniki, ga zubin adashi yana jiranta. Mai sayar da nama ko kifi kuwa, firigon da ke yin sanyi rabi-rabi ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya haɗari, don kayan za su lalace a hankali a sayar wa mutane su ci.

Zafin fili

Gwanjo an gina shi ne a kan gasa, kuma gasa tana ɗauke hankali. Mutum zai zo da niyyar ba zai wuce jika 50 ba, sai wani ya ɗora, jama'a na kallo, shi ma ya ɗora don kada a ce an kayar da shi. Kafin ya farga ya kai 90 a kan abin da bai ga yana aiki ba. 'Yan kasuwar da suka saba da harkar ba sa yin haka. Su sun san kuɗin tagulla da ƙarfen da ke cikin kowace na'ura, kuma idan suka sayi goma, uku suka tashi, sauran su zama kayan gyara, sun ci riba. Mai sayen guda ɗaya don gidansa ba shi da wannan mafita. Idan ka ga tsofaffin hannu sun yi shiru sun bar maka kaya, to ka tambayi kanka abin da suka gani. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa: ma'aikatar da ke da masu gyara nata, ta ga ya fi mata sauƙi ta rabu da kilim goma, akwai dalili.

Ga 'yan uwa da ke waje

Masu karanta mu daga Abijan, Akara, Tarabulus, Aljeriya, Faransa, Beljiyam ko Amurka suna da hannu a wannan magana ta hanya biyu. Wasu kan aiko da kuɗi su ce a je gwanjo don kuɗin su yi auki. Wasu kuma kan tsinci firigo ko murhu da araha a can, ko ma kyauta, su biya kuɗin kwantena su turo gida. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya aiko ba shi ne zai riƙa karɓar takardar wuta ba, kuma iyaye da yawa kunya ba za ta bar su su ce kyautar ɗansu ta zame musu nauyi ba. Kafin a turo injin wanki Damagaram, a tuna cewa akwai unguwannin da famfo kan yi kwanaki bai kawo ruwa ba. Ƙaramin firigo sabo mai alamar T, wanda aka saya a kantin garin da takardar garanti, aka haɗa shi da na'urar daidaita wuta, ya fi ƙaton da ya tsallako teku amfani ga tsohuwa.

Inda iyakar take

Ba muna cewa a ƙaurace wa gwanjo ba ne. Tebur, kujeru, kabad na ƙarfe, gado, keken ɗinki na ƙafa, har da fanka, duk kaya ne da ido ke iya tantancewa, gyaransu kuma ba ya wuce ƙarfin talaka. A nan da sabon gini gara yaɓe. Kuma ba kowane sabo ne nagari ba: kasuwanninmu cike suke da jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, kuma firigo mai shekara 4 da aka kula da shi a ofis yana iya fin irin waɗannan. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne tambayoyi biyu: nawa abin nan zai riƙa ci kowane wata, kuma idan ya lalace me zai tafi da shi?

Wanda duk da haka ya yanke shawarar sayen kayan wuta a gwanjo, to ya je ranar duba kaya tare da mai gyaran da ya yarda da shi, ya biya shi ladansa. Ya karanta takardar da ke jikin na'urar. Ya duba mahaɗar bututu, don maiƙo a wurin alamar tsiyayar gas ce. Ya maƙala takarda a ƙofar firigo ya rufe ya ja, in ta zare ba gardama robar ta mutu. Ya tambayi kason gwanjo da batun duwan tun kafin a fara. Ya rubuta iyakar kuɗinsa a takarda, bayan ya cire kuɗin ɗauka da na gyara, kuma kada ya wuce ta ko da dala ɗaya. In an hana gwaji, ya taya kayan a matsayin matattu, domin ta yiwu hakan suke. In kuma an kawo firigon a kwance, a bar shi a tsaye na wasu awoyi kafin a jona shi, don man injin ya koma mazauninsa. Kuɗin bashi, na adashi ko na jarin sana'a kuwa, bai kamata a kai su inda ba a mayar da kaya ba.

Nauyin da ke kan hukuma

Bai dace a bar wa mai saye wannan nauyi shi kaɗai ba. Ma'aikatun gwamnati, hukumar duwan da ƙungiyoyin da ke shirya gwanjo suna iya yin abu mai sauƙi wanda ba ya cin kuɗi: su ja waya zuwa wurin duba kaya, su raba masu aiki da matattu, su rubuta a kan kowane kaso. Ƙungiyar da ta zo ƙasar nan da sunan taimakon talaka bai kamata ta tafi ta bar masa mataccen kilim a kan kuɗin guminsa ba.

A 2020 ƙungiyar UEMOA ta amince da ƙa'idar manna alamar cin wuta a jikin fitilu da kayan wutar gida, sai dai sababbi ta shafa, alhali tsofaffi ne suka fi shiga gidajen talakawa. Gana ba hani kawai ta yi ba, ta haɗa da shirin karɓar tsohon firigo a rage wa mutum kuɗin sabo. Nijar na iya farawa da abin da ya fi sauƙi: hana shigo da duk na'urar da ke ɗauke da R12, da sanya iyakar shekaru ga sauran. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta riga ta haramta mayar da Afirka juji na shara mai guba, kuma firigon da ya mutu tun a Turai shara ne ko da an kira shi kayan gwanjo. Ƙasar da ke sayen wuta daga waje, kuma take jiran madatsar Kandaji, ba ta da kilowat ɗin da za ta zubar a cikin injinan da wasu suka yar. Bankuna da asusun bayar da ƙananan rance su ma suna da kasuwa a nan, idan suka ba mata masu sana'ar ƙanƙara damar sayen sabo su biya kaɗan-kaɗan.

Kafin hukuma ta motsa, kariyar da ta rage ita ce lissafi. Matashin da ya je filin gwanjo ya duba, ya taya daidai ƙarfinsa, aka fi shi, ya koma gida da kuɗinsa a aljihu, bai yi asarar komai ba. Ya ƙara wata 3 ko 4 yana tari ya sayi abin da zai yi masa shekara 10, shi ne ya yi tattalin gaske.